Ƙofar Sif ɗin Yaya

Shekarun baya, ranar da na raka mahaifiyata gidan wata dillaliya a Bagwai, abin da idona ya fara sauka a kansa wata ƙuna ce a saman 'yar durowar gefen gado. Baƙin zane ne mai zagaye-zagaye, irin wanda maganin sauro na kunnawa yake bari idan an ɗora shi a kan katako barci ya kwashe mutum. A bayan durowar an jingine gado a warware, sai sif na ajiye kaya mai ƙofa biyu, madubinsa ya tsage daga kusurwa. Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare a lokacin. Ni ko a aji malami ya kira sunana sai na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Kallo ne kawai aikina.

Bikin yayata ne ya matso. Ita ta zaɓi mijinta, kowa ya yi murna, sai dai shekarar ba ta murna ba ce. Ruwa ya ɗauke da wuri, taki ya gagari mutane, gidaje da yawa a ƙauyenmu sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Bijimin da Baba ya daɗe yana kiwo saboda kayan ɗakin Yaya, a kasuwa ya ƙare, aka mayar da shi gero da masara muka cinye. Kafinta kuwa duk zuwan da Baba zai yi wajensa sai ya tarar farashi ya sauya. A ƙarshe Inna ta ce a bar maganar sabo, za ta nemo na hannu mu gyara da kanmu, amma da sharaɗin kada wani mahaluki ya sani.

Shi ya sa ta tsallake dillalan garinmu da na maƙwabta, muka hau mota har Bagwai. Ta ce na kusa bakinsu ba ya rufuwa. Ko a can ma sai da ta yi ƙasa da murya ta tambayi daga wane gida kayan suka fito.

Dillaliyar ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Maman amarya, ni ba na faɗar gidan da kaya suka fito, kamar yadda ba zan faɗi gidan da suka shiga ba. Mai su dai tana raye, kuma ba saki aka yi ba, in wannan kike tsoro."

Wannan Inna take tsoro. Da ta ji haka hankalinta ya kwanta.

Ranar Juma'a aka shigo da kayan, daidai lokacin da maza suka tafi masallaci, a amalanken shanu, an lulluɓe su da karan dawa. Wanda ya gani zai ɗauka Baba zai sake danga ne. Muka shigar da su tsohon ɗakin kakata da ke bayan rumbu, aka saki buhu a ƙofa.

Aikin farko na ruwan zafi ne da kananzir, saboda kuɗin cizo. Duk wata mahaɗa ta gadon sai da muka bi ta. Daga nan sai gugar samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako. Ina dawowa daga makaranta zan cire hijabi in zauna in yi ta guga har yatsuna su yi sulɓi, in kasa riƙe biro da kyau washegari. Tsohon fentin ruwan ƙasa ne, yana fita kamar garin kuka, ya cika mana hanci da gira. Inna ta hana Yaya taɓawa, wai hannun amarya ba na samfefa ba ne, amma da ta juya baya sai Yaya ta karɓe tawa ta ci gaba.

Baba ya samo garin katako a wajen masu yanka, muka kwaɓa da gam muna cike ramukan da ƙwari suka yi. Ƙunar nan ta saman durowa ni na ɗauke ta tawa. Na kankare ta, na cike, na goge, na sake cikewa. Baƙin ya tafi, sai ɗan lotsawa da ido ba ya gani, sai an shafa da yatsa. Na yi ta alfahari da wannan aikin a zuciyata, kamar wadda ta gina masallaci.

Baba ya cire wani ado mai kamar kambi da ke saman sif ɗin, ya sa sababbin mariƙai masu ruwan zinariya, aka yanko sabon madubi a Dawakin Tofa. Fenti kuwa fari mai ɗan duhun madara Yaya ta zaɓa. Warinsa ne ya kusa tona mu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar me ake shafawa, Inna ta ce mata Malam ne zai yi wa ƙofar zaure fenti. Dole Baba ya fita da buroshi ya shafe ƙofar zauren da sauran abin da ya rage, yana yi yana gunaguni. Har yau ƙofar zaurenmu kalarta ɗaya da gadon Yaya.

Ranar da muka haɗa su a ɗakin don gwaji, Inna ta tsaya ta daɗe tana kallo. Yaya ta tambaye ta a hankali, idan aka gane fa?

Inna ta ce, "Wa zai gane? Wannan ko mai shi ta gani sai ta yi masa sallama."

Muka yi dariya, har da Baba.

Abu ɗaya ne ya gagare mu, ƙofar hagu ta sif ɗin. In an rufe ta sai ta cije. Baba ya ɗan fere gefenta da wuƙa, ya ɗiga mata man gyaɗa, ya ƙara ɗaure ƙusoshi, duk a banza. Sai an dafe sif ɗin da hannu ɗaya an fizga da ƙarfi take buɗewa, da wata ƙara kamar kukan akuya. Lokaci ya ƙure, Inna ta ce a bar ta, ai sabon kaya ma yana cijewa.

Aka kai kaya gidan ango, ƙannen Inna suka yi jere. Gidan babban gida ne na gandu, ɗakin Yaya yana jikin ɗakin matar yayan angon, bango ɗaya ya raba su. Tun ranar jeren na lura da wannan matar. Siririya ce, ba ta da yawan magana, ita ta yi ta kawo mana ruwa. Da ta shigo da kwanon sha ta ga gadon, sai ta ɗan tsaya. Ta ajiye kwanon a saman durowa, kuma kafin ta ɗauke hannunta na ga babban yatsanta ya shafa daidai wurin da na cike. Ta fita. Na ce a raina ƙila santsin fentin ne ya burge ta.

Washegarin kai amarya dangin ango mata suka taru ganin ɗaki. Kun san yadda ake yi. A ɗaga katifa, a ƙwanƙwasa katako, a buɗe kwanuka, baki yana sa albarka ido yana lissafi. Gwaggon ango ce a gaba, babbar mace mai murya, wadda ko gaisuwa ta yi sai an ji ta a zaure. Ta yaba gadon. Ta tambayi wane kafinta ne, ƙanwar Inna ta ce daga birni aka kawo. Na ga Yaya a ƙarƙashin mayafi ta ɗan saki kafaɗunta.

Sai gwaggon ta kama ƙofar hagu ta sif ɗin. Ta ja, ta ƙi. Ta sake ja har sif ɗin ya girgiza, kwanukan da ke samansa suka yi ƙara. Na yunƙura zan je in dafe mata, yawan idanu ya hana ni.

Matar yayan angon tana tsaye kusa, da yaro a goye. Ina tsammanin tsoro ta ji kada kwanukan su zubo a kan mutane. Ba ta yi tunani ba. Ta sa gwiwarta ta danna kusurwar ƙofar ta ƙasa, ta ɗan ɗaga mariƙin sama, ƙofar ta buɗe shiru, ba ƙara ko kaɗan. Mu da muka yi makonni muna fama da ita ba mu taɓa jin ta buɗe haka ba.

Duk idanu suka koma kanta. Ita kanta sai a lokacin ta ga abin da hannunta ya yi.

Gwaggon ta dube ta, ta dubi sif ɗin daga sama har ƙasa, ta leƙa cikinsa inda ba mu yi wa fenti sosai ba. Ta ce, "Ke kuma a ina kika san ta?"

Matar ta sunkuyar da kai.

"Ba ke kika ce mana an kai kayan ɗakinki gyara ba, tun kafin azumi?" Gwaggon ta tafa hannu a hankali, tana murmushi. "To, alhamdu lillahi. Ga shi an gyaro."

Wasu suka yi dariya, wasu suka rufe baki da mayafi. Ƙanwar Inna ta fara cewa ai kaya suna kama da juna, amma muryarta ta mutu a hanya. Yaya ba ta motsa ba. Ni dai ina kallon ƙafarta mai lalle, yatsun suna naɗewa cikin sabuwar ledar ɗaki.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Hatsin sashensu ne ya ƙare, mijinta ba shi da abin sayarwa, ta ba da kayan ɗakinta a ɓoye. Ita ma ta tsallake dillalan kusa ta aika da su Bagwai, don kada wanda ya san ta ya gani. Tunanin da Inna ta yi, shi ta yi. Tun lokacin a tabarma take kwana da 'ya'yanta, ta saki labule ba ta barin kowa ya shiga. Yanzu ga gadon aurenta ya dawo gidan da farin fenti, a bayan bangonta, wata tana kwana a kai.

Kafin la'asar labari ya gama ƙauyukan biyu, namu da na su ango. Aka sa wa Yaya suna amaryar gyara. Mijin matar ya yi fushi da ita, wai ta nuna wa duniya ya kasa ciyar da gidansa, kamar da gangan ta yi. Inna ta daina zuwa biki da suna har aka yi girbi. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai na lura ya daina zama a ƙofar zaure da yamma.

Abin ya wuce yanzu. Ina ajin ƙarshe, Yaya tana da 'ya'ya biyu, sif ɗin yana nan, fentin ya fara ɓarewa ta gefe ruwan ƙasan yana leƙowa. Amma ba zan ce muku na huce ba. A shekarar nan babu gidan da bai sayar da wani abu a ɓoye ba. Matan da suka yi dariya a ɗakin, na san wadda ba 'yan kunne a kunnenta, na san wadda tukunyarta ta tagulla ta ɓace daga jere. Gwaggon kanta ba a yi wata biyu ba ta aiko gidanmu neman aron dawa, Inna ta auna mata. Kowa yunwa yake ji, kowa kuma ƙarfinsa ya tafi wajen ɓoye wa ɗan'uwansa. Har yau in na ji warin sabon fenti sai in tuna dariyar nan.

Ni aka bari zaman ɗaki wajen Yaya bayan biki. A waɗancan kwanakin Yaya ba ta taɓa buɗe ƙofar hagu ba. Kayanta suna cikin jaka a ƙarƙashin gado, don ta san in ta fizgi ƙofar za a ji ƙarar a ɗakin da ke bayan bango. Ita ma matar ba ta ƙara leƙo mu ba. In sun haɗu a tsakar gida sai su gaisa kowa yana kallon ƙasa. Yaya ba ta da kowa a gidan nan, kuma ni tafiya zan yi.

Ranar da zan koma gida saboda makaranta, na sami matar yayan angon a bayan ɗakinta tana tankaɗe. Na daɗe a tsaye ina murza bakin hijabina, har ta ɗago ta ce, "'Yan mata, tafiya za a yi?"

Na ce eh. Na matsa kusa da ita.

Na ce, "Anti, don Allah in ba kowa, ki shiga ki nuna wa Yaya yadda ake buɗe ƙofar nan. Ita ba za ta iya tambayarki ba."