Tumfafiyar Garzali

Garzali dai ba gwanin gardama ba ne. Ranar da ruwan madatsar Tiga ya tashi ƙauyensu, direban babbar mota ya rantse shi mutane yake ɗauka, ba aljanu ba, don haka tumfafiya ba za ta hau masa mota ba. Bawan Allah ya yi magiya har ya gaji, ƙarshe da ƙafa ya iso Tudun Wada, rungume da ita a fasasshiyar tukunya. Kowa na ceton gado da akuya, shi ga abin da ya ceto.

Ga shi can bayan danga, siriri kamar muciya, hula duk ta koɗe, ya tsuguna gaban dashensa. Tumfafiyar da ke tsirowa a juji ba ruwa ba taki, a gidansa ta langaɓe, don saiwarta ta tsinke wajen haƙa. Ganye ɗaya ya faɗi, sai ya yi maza ya ƙara mata ruwa, don tsoron kar ta mutu.

Maƙwabta kuwa tsoronsu daban. Mata sun hana yara bi ta nan, wai nononta na makanta ido, kuma itacen kufai ce, gidan da ta zauna watsewa yake. Mai unguwa ya zo da kansa, ya tsaya nesa-nesa yana tofa addu'a.

"Malam Garzali, cire ta. So kake gidan nan ya zama kufai?"

Garzali ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a kan kabarin Turai, uwar 'ya'yana, ta tsiro, kabarin kuwa yana ƙarƙashin ruwa. Nuna mini inda zan kai yara su yi mata addu'a, yanzu in tumɓuke ta."