Mai Tsani a Dengfeng

Ina saukowa daga bene da safe a unguwarmu ta Dengfeng, hannuwa a aljihu saboda sanyin Guangzhou mai ratsa ƙashi, sai na ga mutum a kan tsani yana taɓa mitar maƙwabciyata.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san ma'anar tsani da filaya: wutarka ta tafi.

Maƙwabciyar tawa tsohuwa ce 'yar China, ita kaɗai take zaune, kuma da injin numfashi take rayuwa. Ta bango nake jin ƙararsa.

Ban san lokacin da na cafke ƙafar tsanin ba. Yarensu na ciniki kawai na iya, don haka na dinga cewa, "Laoban, meyo! Meyo!" wato maigida, babu. Ina nuna ƙofarta, ina dafe ƙirji, ina haki kamar mai asma.

Ya sauko, ya yi magana a wayarsa, wayar ta fassara mini: "Ni ne mai kula da gidan. Mitocin nan da kansu suke yanke wuta in kati ya ƙare. Duk shigowar sanyi nakan cire na marasa lafiya daga tsarin. Sakar mini tsani."

Kunya kamar in nutse! Na sake riƙe masa tsanin, amma da ladabi, har ya gama.

Da yamma tsohuwar ta miƙo mini lemo uku tana dariya, ashe labari ya kai mata. Har hakin nawa ta kwaikwaya.

Na haura arba'in, yau na fara ganin an hau tsani don kada wuta ta ɗauke. Jama'a, a unguwarku wa ake ɗaga wa ƙafa?