Ganuwar Sifaniyawa a Bakin Kogin Gaya

Yayana magini ne. Shekara shida ya yi a arewacin Maroko, mafi yawansu yana gyaran wata tsohuwar ganuwa da Sifaniyawa suka gina a bakin teku zamanin da suke mulkin wurin. Da ya dawo garinmu Gaya, a Nijar, bai zo da mota ba, sai tafukan hannu masu kaushi da labarin ganuwar nan. Ya ce kaurin bangonta ya fi tsawon mutum a kwance, kuma igwoginta ba teku kaɗai suke kallo ba, har da garin da ke bayanta. Da farko sansanin soja ce, daga baya ta koma kurkuku, sannan aka bar wa awaki.

A filin mahaifinmu, kusa da inda jiragen ruwan Malanville ta ƙasar Benin suke tsayawa, ya fara gina mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, da dutse. Kowa a lokacin bulon siminti yake sa. Shi kuwa amalanke yake aikawa ana kwaso masa duwatsu, yana sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya, ni ina kai masa fura da rana. Tagogin ma ya yi su 'yan tsirit, can sama. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, suka riƙa yi masa dariya, suna cewa, "Ga Ganuwar Sifaniyawa can!" Ran da ya ji, sai ya sayo fenti ya rubuta sunan a saman ƙofa da manyan baƙaƙe.

Wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, abokin mahaifinmu, ya zo har wurin ransa a ɓace. Ina nan tsaye.

"Ɗana, goge wannan rubutu. Sunan gidan da aka ɗaure mutane za ka liƙa a ƙasar ubanka?"

"Baba, wa ya ɗauki duwatsun waccan ganuwa a ka?"

"Mutanen ƙasar, mana. Da bulala."

"To, ni na taɓa duwatsun nan da hannuna. Na ga shaidar gudumarsu a jiki. Masu bulalar sun tafi, aikin maginan yana nan tsaye. Ba zan goge ba."

Tsohon ya juyo gare ni. "'Yata, ke ba za ki yi masa magana ba?"

Na ce, "Baba, ni na riƙe masa tsani da yana rubutun."

Ya tafi bai yi sallama ba, kuma har ya rasu bai taɓa kiran sunan ba. "Gidan dutse" yake cewa.

Sunan kuwa ya bazu. 'Yan kabu-kabu suka sa wa matsayarsu. Wani masunci ya rubuta a jikin jirginsa. Har a garin Tanda na tarar da rumfar mai shayi ta zana da kara, an rataya mata allo mai wannan suna, mai ita bai ma san inda Sifaniya take ba.

Yayana ya rasu, mangazar ta dawo hannuna, ina tara albasa da shinkafa a ciki. Bara wani attajiri ya turo mutum har sau uku, wai zai saya ya rushe ya kafa gidan mai. A zuwa na uku na ba ɗan aiken ruwa ya sha, na ce ya gaya wa maigidansa kada ya sake wahalar da shi. Washegari na kira magini ya toshe tsagar da damina ta yi a bangon gabas.