Inna Mai Gemu

Shekarun baya, ina 'yar shekara takwas, muna zaune a wata tunga tsakanin Keita da Buza, gida uku kacal, kowane nesa da ɗan'uwansa. Sai saƙo ya zo cewa kakata tana kwance a likita a Madawa, ba mai jinya. Mahaifiyata ta hau kamiyon 'yan kasuwa, ta ce kwana uku za ta yi. Sai da ta yi ashirin da biyu.

Ta bar mu da Baba, ni da ƙanwata da ba ta fi wata guda da yaye ba. Kwana biyun farko kuka ta yi ta yi. Ran na uku ta daina, wannan kuwa ya fi kukan ban tsoro. Ta ƙi hura, ta ƙi kunu, ta ƙi nonon akuya. In an kai ludayi bakinta sai ta kau da kai ta zuba wa ƙofa ido. Idanunta suka faɗa. Bara waccan haka yaron maƙwabtanmu ya fara, Baba ne ma ya ɗauki gawarsa zuwa kushewa.

Ya kira ni. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, uwata yake ce mini.

"Uwata, mi innarku ka yi mata in ta ƙi ci?"

"Goya ta take ta yi daka. In ta sauke ta sai ta sha."

Ya shafa gemu. Can ya miƙe ya janyo zanen Inna daga kan igiya.

Wayyo ɗaurin goyo! A ƙugu ya ɗaure, ya tamke kamar mai ɗora wa jaki mangala, yarinya ta zurma sai tsinin kai ake gani. Na ce, "Haba Baba, a ƙirji ake ɗaurewa!" Ni ce malama ranar, har da tsawa, don tun ina ƙarama bakina ba shi da linzami. Ya gyara, ya zuba hatsi a turmi, ya fara daka. Ƙanwata ta lafe tana shinshinar zanen, amma ko motsi.

Na ce, "Inna fa tana jefa taɓarya sama ta tafa."

Bawan Allah ya jefa, ya tafa. Taɓarya ta dawo ta daki bakin turmi, hatsi ya watse, kaji suka ce gaba ta kai su. Sai muka ji wata 'yar dariya siririya daga bayansa. Baba ya tsaya cak, sannan ya sake jefawa.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kunya ce ta ishe ni. Namiji da gemu, da goyo, da taɓarya! Na je bakin darni na tsaya gadi kada wani ya gani. Ashe ta baya taubashin Baba zai ɓullo a kan jaki.

"La ilaha! Sannu da aiki, uwargida! Yaushe a suna?"

Na fashe da kuka ina cewa Baba ya sauke ta. Bai ko dakata ba. Ya ce, "Yi dariyarka, ɗan'uwa. Na ɗauki yaro a hannu ba shi numfashi, na san nauyinshi. Na baya ya fi sauƙi."

Mutumin ya sauko daga kan jakin. Ya durƙusa ya hura mana wuta. Hurar ranar duk gudaji ce, amma ƙanwata ta sha ludayi uku, Baba yana ƙirgawa da ƙarfi.

Da Inna ta dawo ta miƙa hannu, yarinya ta ƙanƙame wuyan Baba ta ƙi sauka. Daga nan aka laƙaba masa Inna Mai Gemu, har kasuwar Buza, yana amsawa kuwa.

Har yau in na tuna tsayuwata a bakin darnin nan sai in ji kunyar kunyar da na ji. Ni mutane nake dubawa, shi ran ɗiyarsa.

Ran da ya rasu, mata na yi mana gaisuwa, ƙanwata, da nata goyon a baya, ta dube ni ta ce, "Yaya, ke uba kika rasa. Ni har da uwa." Mata suka fara harararta, don ga Inna nan zaune kusa da ita. Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ku ƙyale ta. Gaskiya ta faɗa."