Mashigin da Na Ƙi Rubutawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanena Salisu a nan Tamale. Har yau in an ambace shi, sai na ɗan yi jinkiri kafin in ce Allah ya jiƙansa.

Tare muka shiga aikin safiyo, wato awon ƙasa. Ni na yi boko, sai aka zaunar da ni ofis ina zana taswira. Shi ko sunansa bai iya rubutawa ba, aka ba shi sarƙar awo ya bi Bature daji. Na ɗauka ni na ci riba. Amma duk rani sai su nausa arewa, dajin da tsando ya kori mutane da shanu. Bayan wata biyar ya dawo a rame, ƙafa duk faso, mutanen unguwarmu Sabonjida su cika zaurenmu suna sauraronsa. Ni da na zana kogunan nan da hannuna ban taɓa tsoma ƙafa a ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayata komai.

Wata shekara ya gano inda ake haye wani reshen kogin Nasia da ƙafa, ko da ruwa ya fara cikowa. Bature ya ce a rubuta Mashigin Salisu. Ya shigo ofis da fara'arsa, ya ce, "Yaya, nuna mini inda sunana zai zauna." Na ce takarda ta cika, babu fili. Ɗigo kawai na sa. Ya ce, "Ba komai, Yaya," ya fita. Damina biyu bayan nan ciwon barcin da ya kwaso a dajin ya tafi da shi.

Yanzu ana share hanyar mota a kan layin da ya ja sarƙa. Ban sani ba ko zai yi murna, ko zai ce an ɓata masa daji. Taswirata kuwa tuni aka sake ta, gara ta cinye tsohuwar.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. Makon jiya a kasuwar shanu na ji wani falke yana ce wa abokinsa su bi ta Mashigin Salisu. Na matsa na tambaye shi wane ne Salisu.

Ya ce, "Wallahi Baba ban san shi ba. Amma ko wane ne, Allah ya saka masa."

Na buɗe baki in ce ƙanena ne, sai na ji ashe har yanzu so nake a ce ni aka yi wa addu'ar. Na ce amin, na wuce.