Lallen Ƙuryar Lungu

Na daɗe da sanin ba ni da wayo, amma sai daminar bara waccan na gane rashin wayon nawa ya kai in yi ɓarna da hannuna ina 'yar waƙa.

A gidanmu na Tudun Wada akwai wani lungu tsakanin banɗaki da katangar maƙwabta. Ba a shigarsa sai a karkace, ni kuwa da tumbina sai na riƙe numfashi. Ba a ajiye komai a ciki, ba a bi ta ciki, amma ruwan farko na sauka ciyayi irin su kiri-kiri da tafasa da ƙaimin ƙadangare za su taso kamar an raba musu goron gayyata. Shekara da shekaru ina durƙusawa ina cira da hannu, don fartanya ba ta da wurin ɗagawa. Sauro ya cinye ni, gwiwa ta yi ta ƙara, bayan sati biyu a koma.

A can ƙurya akwai lallen Hajiya, maiɗakina. Reshe ne ta yanko a gidan mahaifiyarta, ta dasa shekarar da tsohuwar ta rasu. Gidan ma tuni an rushe shi. Duk Sallah nan take tsinko ganye ta shanya, ta daka, ta ƙunsa wa jikoki.

Na gaji. Wani abokin hirata da ke noman masara ya ara mini famfon feshi da ragowar maganin ciyawa, ya ce murfi biyu ya isa. Na zuba biyar, don ciyawar gidana ba ta jin magana. Akwai rubutu a jikin robar. Na juya ta, na sake juyawa, karatuna na aji uku bai kai can ba.

Hajiya tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Malam, a kula min da lallena."

Na ce, "Haba Hajiya, maganin ciyawa ne fa. Lalle ciyawa ne? Ai ya san abokin faɗansa."

"Kai dai ka sani."

Na feshe lungun tas, har ƙurya.

Kwana biyar ciyawa ta yi jawur, na riƙa jawo mutane su zo su ga aiki. Kwana goma ganyen lalle ya fara zuba. Na shiga yi masa ban ruwa da buta a ɓoye, na zuba masa kashin kaji, har addu'a na tofa. Da Sallah ta zo Hajiya ta aika aka sayo lallen leda a kasuwa, ta kwaɓa ta ƙunsa wa yara, nata hannun ta bar shi fari.

Damina ta zagayo, na koma durƙuso. Ga kututturen lallen a gabana a bushe, na kasa tumɓuke shi. Wata safiya Hajiya ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya a bakin lungun ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ta ce:

"Ka ga naka sun dawo, Malam. Nawa ne kawai ya ji magana."