Gadon da Ba Majvor Ta Gyara Ba

Kakata Majvor Edlund ta yi shekara talatin da takwas tana gyara gadajen da wasu suka kwana a kai, a wani otal da ke kusa da tashar jirgin ƙasa a garinmu, Sundsvall. Ɗaki goma sha shida kowace rana, minti ashirin kowane ɗaki, in dai ba a samu wanda ya yi amai a kan kafet ba. Na taɓa zama zan gano yawan gadajen, na kai rabi na gaji na bari, kamar yadda na bar makarantar koyon gyaran mota, da aikin kai abinci gida-gida, da wani aikin sito da na yi wa wata biyu. Ita ba ta taɓa barin komai a rabi ba. Shi ya sa gwiwarta ta hagu take ƙara in za ta hau bene, hannunta na dama kuma ba ya ɗaguwa ya wuce kunne.

Ita ta raine ni. Uwata ta tafi Norway aikin kamfanin kifi ina ɗan shekara huɗu, da niyyar wata shida, har yau tana can. Kakana ya rasu tun kafin a haife ni. Don haka Kaka take ce mini maigida, tunda ni kaɗai ne namijin da ya rage mata, ni kuma in ce mata amarya in ina son wani abu a wurinta. Sunana na gaskiya Torkel, ba ta kiransa sai na yi laifi.

Mace ce da ba ta iya shiga ɗaki kamar sauran mutane. In ta shiga gidan wani, kafin ta cire takalmi ta riga ta shafa yatsa a saman ƙofa. A ɗakin jiran likita na taɓa ganin ta tana daidaita jaridu. Ba tsegumi ba ne, hannun ne yake tafiya da kansa.

A watan Yuni ta yi ritaya. Aka yanka mata kek, aka ba ta furanni, abokan aikinta suka haɗa mata ɗan kuɗi a ambulan. Da ta dawo gida ta zauna a kicin, ta ɗora ƙafa a kan kujera, ta ce a watan Yuli za mu je Stockholm mu yi mako guda, ita da ni da Anti Ylva, ƙanwar uwata, da 'yan biyun Anti masu shekara bakwai. Sau biyu ta taɓa zuwa birnin, ɗaya don a duba mata kafaɗa, ɗaya jana'iza, kuma duk a ranar ta dawo. Ta tura mini ambulan ɗin ta ce ni da ba ni da aiki sai danna waya, in nemo mana masauki.

"Abu ɗaya nake so, maigida," in ji ta. "In kwanta a gadon da ba ni na gyara ba. Kwana bakwai kada in taɓa tsumma. Sauran ba ruwana, ko a bayan kanti ne."

Na ce amarya wannan ai ƙaramin abu ne.

Ba ƙarami ba ne. Abin da ke cikin ambulan kurona dubu tara ne, kuɗin ƙasarmu, mu kuma mutum biyar, a watan da duk ƙasar take hutu lokaci guda. Kwana huɗu na yi ina nema har idona ya fara ruwa. Otal mafi araha da na samu zai cinye kuɗin a kwana uku. Akwai masu ba da hayar gidansu in sun tafi ƙauye, amma sai ka ba tsirrai ruwa, ka ciyar da kyanwa, ka bar gidan kamar yadda ka same shi, kuma na san Kaka za ta bar shi fiye da yadda ta same shi. Anti Ylva ta kawo shawarar musayar gida da wasu 'yan birni. Na ce mata ta yi tunanin Kaka ta ji baƙi za su kwana a gidanta, sai ta wanke har silin kafin mu tafi. Anti ta ja tsaki ta ce to in yi yadda na ga dama, ita tana da nata gajiyar.

A ƙarshe na samu ɗakin iyali a wani masaukin matafiya na wata ƙungiya, can kudancin birnin, mai gado biyu masu hawa biyu da ƙarin ɗaya a gefe. Kuɗin ya isa har da ragowar da za a kai yara wurin lilo. Irin masaukin nan kowa ya san dalilin arahar sa. Kai za ka zo da zanin gadonka, kai za ka shimfiɗa, ranar tafiya kuma kai za ka share ka goge ka fitar da shara. Ba su da masu aiki, mutum ɗaya ne yake zuwa da rana ya ba da makulli.

Na biya. Na ce wa Kaka na samu ƙaramin otal, ba shi da ƙawa amma akwai masu gyara. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce to madalla.

Anti Ylva kaɗai na gaya wa dabarar. Ta ce in asiri ya tonu ba ta san ni ba. Ranar Alhamis da Kaka ta fita sayen madara na buɗe kabad ɗinta na zaro zannuwan gado biyar daga can ƙasa, da rigunan bargo, da rigunan filo, da tawul. Duk farare ne, irin na otal, sai dai kowanne da harafin sunanta da jan zare a kusurwa, tun na aurenta. Na ce wannan kusurwar sai in cusa ta ƙarƙashin katifa. Na kuma ce wa Kaka tikitin safe ya fi araha ga matasa, zan riga su tafiya.

Haka na sauka a Stockholm da jaka biyu kamar mai gudun hijira. Na karɓi makulli, na fara shimfiɗa. Duk wanda bai taɓa sa bargo cikin rigarsa a saman gado mai hawa biyu ba, kada ya yi mini maganar wahala. Na shiga cikin rigar gaba ɗaya sau biyu. Na buge kai da silin. Awa ɗaya da rabi na yi a kan abin da Kaka take yi a minti ashirin har da wanke banɗaki. A bayan ƙofa akwai takardar dokokin shara, sai na rataye rigar sanyina a kai.

Da suka iso, yara suka haye gadajen sama suna ihu. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa. Na ga hannunta ya taso zai tafi saman ƙofar, sai ta mayar da shi aljihun suwaita. Ta dubi gadon gefe, wanda na fi ɓata wa lokaci. Kusurwa ɗaya ta kumburo kamar an ɓoye burodi a ciki. Ta zauna a kai a hankali, ta cire takalmi, ta ce yarinyar da ta gyara wannan sabuwa ce a aikin. Na ce haka nake zato ni ma, a yi mata haƙuri.

Daga nan hutuna ya ƙare. Tunda na ce akwai masu gyara, dole a ga gyara. Kullum in mun fita, wajen ƙarfe biyu sai in ce ciwon ciki ya kama ni, ko in tuna wani aboki da zan gani. In hau jirgin ƙarƙashin ƙasa minti ashirin da biyar, in gyara gado biyar, in kwashe ɓurɓushin biskit ɗin yara, in fitar da shara, in ninke tawul, in koma in same su. Ban ga tsohon jirgin ruwan da kowa yake zuwa gani ba. Ban hau lilo ba. Ranar Laraba na yi barci a tsaye a cikin jirgi na wuce tasharmu da uku. Da na same su a bakin ruwa suna shan askirim, Kaka ta tambaye ni cikin yaya, ta ce ciwon nan yana da tarbiyya, kullum ƙarfe biyu yake zuwa.

Kicin ɗin masaukin na kowa da kowa ne, a nan muke dafa dankali da tsiran nama don kada kuɗi su ƙare a gidan abinci. Na ce wa Kaka sabon yayi ne a otal-otal na birni. A saman famfo an manna takarda, irin wadda ke kowane kicin na wurin aiki, cewa uwarka ba ta aiki a nan, kowa ya wanke kwanonsa. Kaka ta karanta ta ce wanda ya rubuta ya kyauta, sai dai ya makara da shekara talatin da takwas. Wata safiya wasu samari masu keke suka bar tukunya da ƙanzon taliya, da ruwan miya a kan tebur. Ina kallon Kaka. Ta dubi tukunyar, ta dubi soson da ke kusa da ita. Sai ta ɗauki gahawarta ta juya kujera ta fuskanci taga, inda babu abin gani sai wurin ajiye motoci. Ta sha har ta ƙare ba ta waiwayo ba. Ni na wanke tukunyar, ina zagin masu ita a zuci.

Ranar Asabar ce matsalar, don sai an cire zannuwa an goge ɗaki kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Mun shirya da Anti Ylva za ta fita da Kaka da yara shan gahawa, ni in tsaya wai haɗa kaya. Anti ta sa wa yara takalmi, ta ce Mama mu je. Kaka ta ce gwiwarta ba za ta je ko'ina ba, su je su kaɗai. Ta ja kujerar manya ɗaya tilo da ke ɗakin zuwa bakin ƙofa, ta zauna, ta rungume jakarta a cinya. Anti ta dube ni, ta kama hannun yaranta, ta fice kamar ba ta san ni ba, yadda ta yi alkawari.

Na tsaya ina sosa ƙeya.

"Bokitin yana ƙofa ta uku a hagu," in ji Kaka. "Ka fara cire zannuwana tukuna, kada ka jiƙa su."

Na ce amarya tun yaushe kika sani.

"Yi aikinka, ja'iri. Saura awa ɗaya da kwata."

Na yi. Na cire, na ninke, na share, na shiga ƙarƙashin gado da ciki na fito da safa uku da rabin ayaba. In na tsallake wuri sai ta nuna da haɓa. Bakin taga. Bayan bututun ɗumama ɗaki. Saman ƙofa. Ina kan kujerar yara ina goge saman ƙofar tsumman ya suɓuce ya faɗi daidai kan takalminta. Ta sunkuyar da kai ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Ni ma ban motsa ba, don na san in ta ɗauka za ta miƙe, in ta miƙe kuma sai ta sake ɗakin daga farko, kwana bakwai ɗin sun tafi a banza. Sai ta janye ƙafarta gefe, ta ƙara ƙanƙame jakar.

"Sauko ka ɗauki abinka," in ji ta. "Ni baƙuwa ce."

Mai ba da makulli ya zo ya leƙa ya ce ya yi. Kaka ta ce wa mutumin a otal ɗinsu da an kori mai wannan aikin kafin azahar, amma tunda ya ce ya yi, ya yi. A jirgin dawowa ni na yi barci, ita ta yi ta kallon daji.

Washegari na sauka ɗakin wanki da ke ƙasan benenmu don in kama mana lokaci, tunda na duk mazauna benen ne. Allo ne mai ramuka, kowane gida da ɗan kwadonsa, inda ka maƙala naka nan ne ranarka da awarka. Kaka shekara da shekaru Alhamis take wanki. Na nemi kwadonmu a layin Alhamis ban gani ba. Yana kan Litinin, ƙarfe bakwai na safe, lokaci mafi tsawo da ake ba masu manyan kaya. Tun da muka dawo ba ta sauka ƙasa ba. Kenan tun kafin mu tafi ta maƙala shi, ranar da ta dawo daga sayen madara ta buɗe kabad.

Litinin na sauke jakunkunan. Ta biyo ni a hankali, mataki ɗaya-ɗaya, gwiwar tana ƙara, ta zauna a kan bencin da ke kusa da injin busarwa. Ta ce in sa zafin ruwan a digiri sittin, kada in cika injin. Na tambaye ta ko dai ta ji daɗin tafiyar, don ni ban san abin da na gani ba in ban da ƙarƙashin gado. Ta ce tunda take ba ta taɓa kwana a gado mai munin gyara irin wannan ba, zanin yana tattarewa a bayanta kullum, jan harafin ma tun daren farko ya fito yana kallonta. Ta ce kuma kullum sai ƙarfe tara take farkawa.

Injin ya fara juyawa. Na zauna kusa da ita, na jingina da bango. Ta ce kada in yi barci, akwai zubi uku a gaba, sannan guga.